Adda Ba Ta Ce Da Zafi Ba

Ranar da Bahijja ta sauke injin nan daga motar Kano, duk matan layinmu na Kazaure sai da muka leƙa, har da ni da ɗinkin mutane ya yi mini yawa. Fari ne kamar ƙaramin firji, da dogon tiyo a jikinsa, a ƙarshen tiyon kuma akwai wani baki mai zurfi kamar ƙoƙo. Bakinta har kunne take yi mana bayani. Wai za a ɗora ƙoƙon a kan tumbi, ya zuƙe naman ciki kamar yadda ƙahon wanzami yake yi, ya sanyaya shi har kitsen ya daskare ya mutu, daga nan jiki ya yi ta fitar da shi a hankali. Babu yanka, babu allura. Ta ce haka ake yi wa matan manya a asibitocin birni, ita kuma ta kawo mana har gida. Na tambaye ta a ina ta koyi aiki da shi, sai ta ɗaga mini wayarta.

Bahijja matar Malam Haladu ce, maƙwabcinmu, katanga ɗaya ta raba mu. Sana'arta gyaran jiki: dilka, halawa, turaren wuta da su humra. Ba zan yi mata ƙarya ba, tana da fara'a, hannunta kuma a sake yake. Amma in ta sa abu a gaba, kowa da komai kayan aiki ne a wurinta.

Mata suka yi ta zuwa, masu jego da uwayen amare da waɗanda mazansu suka dame su da zancen teɓa. Su zagaya injin, su taɓa, su yi tambaya, sannan kowacce ta gyara mayafi ta ce bari dai ta ga an yi wa wata. Bahijja kanta ba ta rasa abin da injin zai kama a jikinta ba, mun kuwa tsokane ta da haka, ta ce in ta kwanta wa zai riƙe mata tiyo. Nan idonta ya faɗa kan Adda.

Adda yayar Haladu ce, ciki ɗaya. Daga wata ruga ta wajen Gwiwa ya ɗauko ta bayan mijinta ya rasu ta gama takaba. Doguwa ce siririya, sai dai yawan haihuwa ya bar mata teɓa a ƙasan cibiya. Babu wanda ya ce ta ɗauki aikin gidan, amma ita ce shara, ita ce tuwo, ita ce goyon yaye. Magana ba ta dame ta ba. In ka gaishe ta sai ta amsa tana kallon ƙasa, ko da ta haife ka.

Ina wurin aka yi na farko. Bahijja ta durƙusa a gabanta tana 'yar murya, tana cewa ke ce babba, ke ce uwa, in ba ki rufa mini asiri ba wa zai rufa. Adda ta dubi matan da suka cika ɗakin, baƙi ne mafi yawansu, ta dubi zaninta. Matar da ko ɗankwali ba ta cirewa a gaban mutane. Daga ƙarshe ta ce to.

Aka kwantar da ita a gadon gyaran jiki, aka yaye rigarta. Bahijja ta fasa wata leda, ta ciro wani farin ƙyalle mai danshi da maiƙo, ta shimfiɗa a cikin. Ta ce shi ne yake kare fata kada sanyin ya ci ta. Ta kafa ƙoƙon, ta danna, injin ya ɗauki gurnani, muka ga naman cikin Adda ya shige ciki.

"Adda, da zafi?"

"Babu komai."

Fuskarta ko gezau. Amma ni ina tsaye ta wajen ƙafafunta, na ga yatsunta sun lanƙwashe sun kama zanin gado, haka kuma suka zauna har aka gama. Da aka cire ƙoƙon, wurin ya miƙe tsaye jawur, ya sandare kamar naman da aka ciro daga firiza. Bahijja ta sa hannu biyu tana murza shi da ƙarfi, Adda tana kallon silin. Matan suka yi ta mamaki, suna cewa ashe abin ba wuya. A ranar mutum uku suka kwanta, kuma duk ukun sai da suka yi ƙara. Bahijja ta ce ragwantaka ce irin ta 'yan birni, su dubi tsohuwa mana.

Daga nan labari ya bazu. Aka fara zuwa daga Roni, daga 'Yankwashi, daga Babura, har da matan tsallaken iyaka masu biya da sefa. Duk ayarin da ya zo kuwa magana ɗaya ce, a gwada musu su gani. Sai a ƙwala wa Adda kira daga madafa, ta wanke hannu ta zo ta kwanta. Wuri ɗaya ne a jikinta yake da naman da injin zai kama, saboda haka wuri ɗaya ake maimaitawa. Da kunnena na ji matar da take koyarwa a wayar Bahijja tana cewa a bar wuri ya huta watanni kafin a sake. Da na tuna mata, ta ce wannan don fatar Turawa aka faɗa, mu tamu ta sha rana. Ta ƙara da cewa ai ita Adda jikinta ba ya jin zafi.

Farin ƙyallen nan daga Kano ake kawo shi, ga tsada. Bahijja ta ga ba za ta riƙa fasa sabo saboda gwaji ba, sai ta koma ɗauraye wanda aka yi wa wata amfani da shi tana sa wa Adda. Da ya yage, ta koma jiƙa hankici da ruwa. Kowane lokaci kuma sai ta yi tambayar nan da ƙarfi don baƙi su ji, Adda ta ba da amsar nan tata.

Duk wanda ya zauna da Fulanin daji ya san abin da ake kira fulako. An rene su a kan cewa nuna ciwo abin kunya ne, mace ta haihu a bayan ɗaki ba a ji ko nishinta ba. Haladu ya fi ni sanin wannan, nono ɗaya suka sha. Bahijja ma ta sani, don ta sha ba mu labari tana dariya cewa Adda ta taɓa kwana da harbin kunama ba ta faɗa wa kowa ba. Sun san shirunta ba lafiya ba ce. Shirun ne dai yake kawo ciniki, sai suka ga dama suka yarda da shi.

Na fara lura da tafiyarta. Ta koma takawa a ɗan sunkuye, hannu ɗaya a ƙugu. Ta daina goya yaron, sai dai ta saɓa shi a kafaɗa. Wata rana na leƙa ta katanga zan karɓi rariya, na gan ta tana sallar azahar a zaune. Ba a daɗe ba ta shigo wurina da wani tsohon yadi, ta ce in ɗinka mata riga mai faɗi wadda ba za ta taɓa jiki ba. Na ɗauko tef zan auna ta, ta ja da baya. Na tura ƙofa, na ce sai na gani.

Na ga ƙuna iri-iri a rayuwata, ban taɓa ganin irin wannan ba. Tsakiyar wurin ya yi baƙi, gefe ya yi bororo, wani ya fashe yana ruwa, fatar kuma ta saluɓe har ƙasan mara. Na ce mata injin ne ya yi wannan duka? Ta ce a'a, sanyi ne ya shige ta, tana fitar da shi. Ashe da wurin ya fara yin shuɗi ya mutu mata, Bahijja ce ta ce ta riƙa gasawa. Ita kuma ta yi abin da kowace mace a ƙasar nan ta sani, ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya kamar na wankan jego, ta riƙa tsoma tsumma tana dannawa. Fatar da sanyi ya kashe ba ta jin komai. Ruwan yana dafa ta, ita tana ganin bai ma yi zafi ba, sai ta ƙara wuta.

Na shiga gidan raina a ɓace. Bahijja ta duba, ta dafe ƙirji, na ɗauka tausayi ne ya kama ta. Abin da ya fara fitowa daga bakinta shi ne, to ai ga shi nan, ruwan zafi ne, ba injinta ba ne. Ta maimaita ya fi sau nawa, har da rantsuwa. Na ce ko mene ne a kai ta asibiti. Ta ce ita ba ta da ikon fitar da yayar miji, in jira Abban Mu'azzam, wato Haladu.

Na jira shi. Haladu ɗan kasuwar hatsi ne, rabin mako yana Babura. Da ya dawo na sa hijabi na tsaya a zaure, na faɗa masa abin da na gani ba tare da na rage komai ba. Ya saurara yana jujjuya makullin babur. Ya ce shi harkar mata ba ya shiga, kuma Adda ba yarinya ba ce, in da abin da yake damunta da ta faɗa masa. Sai ya ɗaga murya daga inda yake tsaye.

"Adda, akwai abin da yake damunki ne?"

Daga can cikin gida muryarta ta fito. "Lafiya lau, Haladu."

Ya juyo ya dube ni, ya buɗe tafin hannu. Wallahi a lokacin ji na yi kamar in fasa kuka don takaici. Mutum ya san amsar da za a ba shi, ya yi tambayar don kawai ya samu abin da zai wanke kansa da shi. Da na matsa, sai gaskiyar ta fito. Ya ce in aka je asibiti za a yi ta tone-tone, a ce wa ya ba Bahijja izinin wannan aiki, ƙarshenta a zo a ɗauke injin da sai da ya sayar da bijimin sa aka saye shi. Ya ce in yi haƙuri, akwai mai maganin ƙuna a Roni, hannunsa yana da kyau.

Aka kawo mai magani, ya tofa, ya manna gashin zomo a ciwon, ya ce kada ruwa ya taɓa. Aka sayo ƙwayoyi ja da rawaya a kemis. Ciwon ya rufe ta sama yana ci ta ƙasa. Ba a jima ba wari ya fara tashi, Bahijja ta ƙara yawan turaren wuta a tsakar gida. Da turare ya kasa, sai aka kwashe Adda daga ɗakinta na kusa da ƙofa, aka mai da ita ɗakin ajiyar buhuna a bayan madafa. Aka ce wai can ya fi iska.

Baƙi kuwa ba su fasa zuwa ba. In sun tambayi tsohuwar nan mai dauriya, sai Bahijja ta ce ta je Gwiwa ganin gida, ta nuna musu bidiyonta a waya. Adda tana kwance taku kaɗan daga wurin, an roƙe ta kada ta fito sai sun tafi. Ko bayan gida ya matsa ta sai ta riƙe. Na taɓa samunta ta cusa gefen zani a baki don kada a ji tarinta.

Kullum nake kai mata kunu da safe. Tun tana shan rabin kofi har ta koma kurɓa biyu. Jikinta ya yi zafi rau, idanunta suka faɗa, leɓenta ya bushe. Duk da haka in na shiga sai ta yi ƙoƙarin tashi zaune, ta tambaye ni ko an yi wa yaron wanka, ko Bahijja ta samu ta ci abinci da wannan hidima. Ranar da na same ta tana kiran sunan mijinta da ya rasu, tana ce masa ya kore shanu daga gonar mutane, ban tsaya neman kowa ba. Na aika wa Haladu cewa ko ya kai ta asibiti yau, ko ni da maigidana mu tafi wurin mai unguwa da liman. Ya zo yana huci, ya ce ya ji, amma da sharaɗi, in an tambaya a ce ruwan zafi ne.

A adaidaita sahu muka kai ta, kanta a cinyata. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Da aka jiƙa gashin zomon aka ɗaye, sai da nas ta kau da kai. Likita ta tambayi abin da ya faru, Haladu ya yi caraf ya ce tukunya ce ta kife mata. Ta ce tukunya ba ta yin ƙuna mai siffar ƙoƙo. Ta sunkuya kusa da Adda, ta ce Baba ke nake so ki faɗa mini.

Adda ta buɗe ido ta nemi inda ƙanenta yake tsaye. "Ruwa ne, likita. Ni na yi wa kaina."

Ni ban yi wa kowa alkawari ba, saboda haka na faɗi komai, tun daga injin har hankici har darbejiya. Haladu ya dube ni kamar zai cinye ni. Likita ta ce ciwon ya shiga jini, ga suga da ba a san tana da shi ba, su za su yi abin da za su iya, amma a shirya kai ta Kano ba tare da ɓata lokaci ba. Haladu ya ce to. A bakin ƙofa ya ce mini gobe kasuwar Babura, yana da kaya a mota, da ya sauke zai dawo da motar a ɗauke ta. Bahijja ta aiko da farfesu da gaisuwa, ta ce mutane sun yi mata yawa.

Washegari da hantsi ruwan da aka ƙara mata ya ɗan dawo da ita hayyacinta. Ina zaune ina yi mata fifita, ta juyo da kai a hankali.

"Khairiyya, ba kowa?"

Na ce ba kowa, ni kaɗai ce.

"Da zafi," in ji ta. "Tun ranar farko da zafi. Kamar ana tsaga ni da wuƙa."

Na ce Adda me ya hana ki faɗa, ko sau ɗaya?

"Matan suna kallona. In na ce wash, wa zai ƙara zuwa wurinta? Ga shi tuwonsu nake ci." Ta mai da numfashi, hawaye yana gangarowa cikin kunnenta. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar. Ta lalubo hannuna ta riƙe. "Kada ki faɗa wa Haladu. Zai ji ba daɗi."

Na kifa kaina a bakin gadon na yi kuka har nas ta zo ta taɓa ni. Motar Babura ba ta iso ba sai bayan la'asar. Ta zo ta tarar an riga an rufe Adda da zani, gawarta ta ɗauka zuwa gida.

Bahijja ta yi kuka sosai, kuma ban ce na ƙarya ba ne. An lulluɓe injin da zanin gado an tura shi lungu. Mata suka cika tsakar gida, kowacce ta buɗe baki sai ta yabi haƙurin marigayiya, baiwar Allah da ba a taɓa jin kanta ba. A waje maigidana ya ce Haladu yana ta faɗa wa masu gaisuwa cewa abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ko da wasa ba ta taɓa ce masa wani abu yana damunta ba. Mutane suka ce kwana ne ya ƙare, ya yi haƙuri. Likita ta ce in dangi suna so su kai ƙara za ta ba da shaida. Dangin kuwa shi ne Haladu.

Na yarda kwana yana ƙarewa. Amma ban yarda a ci amanar mutum da halinsa na kirki, sannan a zauna a kan tabarma ana yabon halin ba. A gidaje da yawa akwai irin Adda, wadda aka san ba za ta ce a'a ba, sai a ɗora mata abin da ba za a iya ɗora wa mai baki ba. Ana tambayarta lafiya don a ji ta ce lau, ba don a sani ba. Na riƙe amanarta, ban je na faɗa wa Haladu ba. Ba ya ma bukatar a faɗa masa.

Bayan an share makoki Bahijja ta shigo gidana da yamma, idonta bai gama sacewa ba. Ta ce ta yafe mini abin da na faɗa a asibiti, ta san ruɗewa ce. Ta zauna a bakin tabarma tana wasa da zoben hannunta, ta ce gidan ya yi mata girma, aiki ya yi mata yawa, ga mutanen Babura sun ce su bidiyo bai ishe su ba. Sai ta tambaye ni ko a ƙauyenmu na san wata dattijuwa da ba ta da kowa, wadda za ta zo ta zauna da su, ci da sha da sutura duk a kansu. Ta ce an fi son mai ɗan jiki, kuma mai haƙuri.

Na ce mata ban san kowa ba. Da ta fita na sa sakata, na koma kan keken ɗinki, na daɗe ina ƙoƙarin zura zare a allura ban iya ba.